Ƙanena ya bar mini mesa biyu, na wayi gari makiyayin ɓeraye

Ƙanena ya rasu ya bar mini mesa biyu. Sauran kayansa ba su ba kowa wahala ba, na rabawa aka raba, na bayarwa aka bayar. Akwatunan gilashi biyu da ke ƙuryar ɗakinsa ne kowa ya tsaya daga bakin ƙofa yana leƙe, ba mai shiga. Mahaifiyarmu ta ce a fitar mata da su kafin rana ta faɗi, ko a kashe ko a kai daji, ita dai kada ta sake ganinsu. Ni ne babba, sai aka zuba mini ido.

Ba su san na riga na ɗauki alkawari ba. Yana kwance a asibiti, magana ma da ƙyar take fita, ya kama hannuna ya ce, "Yaya, don Allah kada ka bari a kashe su." Na ce masa to. A halin da yake ciki, ko cewa ya yi in kwana da su a gado ɗaya, to zan ce. Allah ya jiƙansa.

Tun muna yara haka yake. Ƙadangare, kunkuru, hawainiya, duk abin da ke jan ciki ko rarrafe sai ya ɗauko ya zo yana nuna mini, ni kuwa ko igiya na taka a duhu sai na yi tsalle. Ya kan yi dariya ya ce, "Yaya, tsoronka ya fi abin da kake tsoro girma." Da ya girma ya kama aiki sai ya sayi macizan nan. Irin ƙaramar mesar nan ce da masana ke kira Python regius, asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ba ta da dafi, tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Nasa a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa sanin daji ba, don haka kai su daji ma kisa ne, sai dai na a hankali. Na rufe akwatunan da bargo na kai su gidana, hannuna na rawa.

Abin da ya cece ni a farko wani littafi ne da na samu a kan akwatin. A ciki yake rubuta ranar da kowanne ya ci, da nauyin abin da ya ci, da ranar da ya yi saɓa. A nan na koyi cewa babbar mesa ɓera ɗaya take ci duk kwana 10 zuwa 14, kuma kada kaurin ɓeran ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, kuma in ta ci ba a ɗaukarta sai bayan kwana 2, kada ta amayar. Ya bar daskararrun ɓeraye a wata ƙaramar firiza. Ana narkar da su a cikin leda a ɗaure, a ɗumama a ruwan ɗumi, a miƙa da dogon awartaki. Ɗumin nan ba ado ba ne: mesa tana da wasu 'yan ramuka a jere a leɓenta na sama, da su take jin zafin jikin abin farauta ko a duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta ba abinci ba ne.

Namijin bai ba ni wahala ba, ina miƙawa yake cafkewa. Macen ce ta ƙi. A bayanta akwai wani dogon tabo inda ɓawon fatar ya fito a karkace. Ƙanena ya taɓa ba ni labarinsa: wanda ya sayar masa da ita ya jefa mata ɓera mai rai ya tafi ya kwanta, ita ba ta jin yunwa, ɓeran kuwa yana ji, ya kwana yana gaigayar bayanta. Mutane ba sa yarda da wannan in na faɗa, amma macijin da ba ya niyyar ci ba ya kare kansa, dunƙulewa kawai yake yi. Shi ya sa a shafin farko na littafin ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a ba ta mai rai.

Ta yi kememe wata da watanni. Irin wannan mesa ta yi suna wajen yajin cin abinci, masu kiwonta duk sun san haka, kuma takan daɗe ba ta ci ba ba tare da wani abu ya same ta ba. An faɗa mini wannan, kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi ji. Duk daren da na miƙa mata ta kau da kai, sai in ji kamar na sake tsayawa a bakin gadon asibiti ba abin da zan iya yi. Ba na barci. A wurin aiki a yi mini magana sau biyu kafin in amsa. Ana cikin haka abin da ya bari a firiza ya ƙare, na yi oda daga wani mai sayarwa, kayan suka iso sun narke a hanya suna ɗoyi. Wani dattijo da ya daɗe yana kiwon macizai ya ce mini, "Wasu ba sa karɓar daskararre, sai wanda aka kashe yanzu, jikinsa da sauran ɗumi. In kana son kwanciyar hankali ka kiwata naka."

Da na kawo maganar gida matata ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Baban yara, maciji na haƙura saboda marigayi. Yanzu kuma ɓera? Duniya na neman maganin ɓera, kai kana neman irinsa?" Na ce na ɗan lokaci ne. Ta ce Allah ya sa.

Wani maƙwabcinmu ya ba ni shawarar da ya ga ta fi sauƙi, wai in ɗana tarko, ga ɓeraye nan kyauta ko'ina. Wannan kam tun farko na san ba hanya ba ce. Yawancin gubar ɓera irin mai hana jini daskarewa ce, ba ta kisa nan take, ɓeran kan yi kwanaki yana yawo da ita a jiki, macijin da ya ci shi ya ci gubar. Ga tsutsar ciki, ga ƙuma. Ga kuma lafiyar mutum: ɓeran daji mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, fitsarin ɓeran kwata kuma yana ɗauke da wata cutar mai taɓa ƙoda da hanta. Sai na nemi ɓerayen gida, irin Rattus norvegicus da aka daɗe ana hayayyafawa a keji, namiji ɗaya mata biyu. Na kwashe tarkacen da ke wani ɗan ɗaki a bayan gida, na jera manyan akwatunan roba masu murfin ragar waya, da gorar ruwa mai bakin ƙarfe, da abincinsu na musamman mai tauri, don haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsiro, in bai samu abin gaigaya ba sai ya gaigayi akwatin.

Haihuwar farko da sassafe na tarar da ita. Na ɗaga murfi sai na ji wata 'yar ƙara siririya, na ga uwar ta tattara takardun shimfiɗa ta yi sheƙa a lungu. Jarirai jajaye, ba gashi, ido a rufe, kowanne kamar ɗan ƙaramin yatsana, nauyinsu giram 5 zuwa 6. Fatarsu don rashin kauri har kana hango farin nonon da suka sha a cikinsu, wani ɗan fari a gefen ciki, da shi ake gane cewa uwar tana shayarwa. Ɗaya ya gangaro daga sheƙar. Ta fito da sauri ta ɗauke shi a baki, da haƙoran nan da ke huda roba, ta mayar da shi ba ko ƙwarzane, ta kwanta a kansu tana kallona. Na daɗe a tsugune. Ni da na zo ƙirga abincin maciji.

Daga nan lissafi ya fara kufce mini. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. Haihuwa ɗaya takan kawo 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Idanun 'ya'yan na buɗewa wajen kwana 14, a yaye su a mako 3 zuwa 4, a mako 5 zuwa 6 kuma su kansu sun isa barbara, ba ruwansu da wa da ƙanwa. Uwar kuwa tana iya ɗaukar wani cikin a cikin kwana ɗaya da haihuwa in namijin na tare da ita, ta haɗa goyo da ciki. Mata biyu ke nan za su iya ba ka ɓera 20 a wata. Mesa biyu manya ba sa cin fiye da 5 ko 6 a wata, ita ɗayar ma tana yaji. Kuma ba jarirai suke ci ba, sai ka ciyar da ɗan ɓera makonni kafin ya kai girman da zai ƙosar da babbar mesa, in ya wuce wannan girman kuma ya fi ƙarfin bakinta. Kafin in farga, akwatuna sun cika kanta har ƙasa, na maza daban, na mata daban, na masu goyo daban.

Macizan ba sa cin lokacina. Canjin ruwa, duba ɗumin akwati, kwashe kashi in an yi, shi ke nan. Ɓerayen ne suka cinye ni. Kullum abinci, kullum duba gora, don in bakinta ya toshe a ranar zafi kafin yamma ka tarar da gawa, in kuma ta tsiyaye ta jiƙa shimfiɗa jarirai su mutu da sanyi. Ɓera ba ya jure zafi, da ɗaki ya haura digiri 30 za ka gan su a baje suna haki. Sai zarni. Wanda bai taɓa buɗe ƙofar ɗakin ɓeraye da safe ba bai san zarni ba. Iskar amoniya da ke tashi daga fitsarinsu tana sa ido hawaye, tana kama tufafi, matata ta ware mini riga da wando na shiga ɗakin ta ce kada su ƙetaro mata falo. Su kansu ɓerayen zarnin yana cin huhunsu. Akwai wata ƙwayar cuta, Mycoplasma pulmonis, da kusan duk ɓerayen gida ke ɗauke da ita tana kwance, amoniya ce ke tashinta. Aka fara atishawa a akwatuna, numfashin wasu na ƙara, na ga ja-ja a hanci da gefen idonsu na ɗauka jini ne. Likitan dabbobi ya ce ba jini ba ne, wani ruwa ne mai launi da ke fita daga bayan ido in ɓera ba shi da lafiya ko yana cikin takura. Ya ce in rage cunkoso, in buɗe wa ɗakin iska, in bar dusar katako mai ƙamshi in koma shimfiɗar takarda. Na biya kuɗin magani na dawo ina yi wa abincin maciji jinya.

Ranar kisa ita ce ban taɓa sabawa da ita ba. Likitan nan shi ya zaunar da ni ya koya mini, ya ce tun da na ɗauko abin to in yi shi yadda dabbar ba za ta wahala ba. Ba a jefa mai rai a firiza, ba a nutsar da shi a ruwa, ba a buga shi da bango kamar yadda wasu ke yi suna dariya. Iskar kabon dayoksaid ake sakarwa a akwati rufaffe a hankali har ya suma ya mutu. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce a sake ta da kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na faɗin cikin akwatin a minti ɗaya, kuma a tabbatar da mutuwa kafin a fitar. Jarirai sabuwar haihuwa suna jure rashin iska fiye da manya nesa ba kusa ba, don haka nasu ya fi daɗewa, ni kuwa ban taɓa iya yin nasu ba. Abin da ya fi damuna shi ne sun san ni. Ɓera yana da wayo, yana gane mai ba shi abinci. In na shiga sai su miƙe a kan ƙafafun baya suna shinshina raga. Hannun da suke ruguwa su tara shi ne hannun da ke ɗaukarsu zuwa akwatin. Tun muna ƙanana ake ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ban taɓa tunanin wata rana zan tsaya ina auna kaina da labarin a kan ɓera ba, amma duk abin da ka kulle haƙƙinsa ya hau kanka, ko da gobe za ka kashe shi.

Macen mesar ta ci. Daren da na miƙa mata na farko cikin ɓerayen da na kiwata, da ɗuminsa, ta fito da kai daga maɓoyarta, harshe na fita yana komawa, ta ja wuya baya ta tsaya cak, sai ji na yi awartakin ya girgiza a hannuna. Ta naɗe shi tam, ta daɗe a haka, sannan ta lalubo kan ta fara haɗiya, haɓarta na tafiya ɓangare-ɓangare. Na ɗauko littafin zan rubuta kwanan wata, na ga layin ƙarshe na macen da rubutun hannun ƙanena, nawa zai biyo a ƙasa. A nan kuka ya ƙwace mini. Ranar da aka binne shi ban yi ba, ina ta maza ina karɓar mutane. Na zauna a ƙasa tsakanin akwatunan gilashi na yi mai isata.

Bayan wannan dare da wani ya ce in bar kiwon ɓera da mun ɓata. Na ƙara kanta. Na fara ba wasu masu macizai rarar da ke hannuna. 'Yata ƙarama ta sa wa iyayen nan biyu suna, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina 'ya'yan da na gani ran nan?" in ce mata sun tafi wani gida. In na dawo daga aiki ɗakin nake wucewa, in fito an yi barci. Matata ta daina magana a kai. Shirunta ya fi faɗan ciwo, na kuwa ji shi, amma ɗakin ya fi ja na.

Cizon bai taka kara ya karya ba. Wata mai goyo ce ta kama ni a yatsa ina canja shimfiɗa. Na wanke da sabulu, na sa magani, ya warke har na manta. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ni da rawar sanyi, da amai, da ciwon kai. Aka ba ni maganin zazzaɓi na yau da gobe, ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Gwiwata ta kumbura, wuyan hannuna ya kumbura, ko kofi ba na iya riƙewa. Wasu ƙananan jajayen ƙuraje suka feso mini a hannu da ƙafa. Aka kwantar da ni, gwaje-gwaje ba su nuna komai ba. Wata likita ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce, "Malam, akwai dabbar da kake mu'amala da ita?" Kafin in haɗa amsa matata ta ce, "Likita, ɓeraye yake kiwo, ɗaki guda, kuma sun cije shi." Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaga gira ba. Ta ce a sa mini fenisilin ta jijiya yanzu.

Zazzaɓin cizon ɓera ne. Ƙwayar da ke kawo shi, Streptobacillus moniliformis, a baki da hancin ɓera take zama, ɓeran kuma lafiyarsa lau, ba abin da za ka gani a jikinsa. Alamun kan fito kwana 3 zuwa 10 bayan cizo, lokacin ciwon ya riga ya rufe, shi ya sa mutum ba ya haɗa su. Ƙwayar tana da wuyar kamawa a ɗakin gwaji, sau da yawa labarin da majinyaci ya bayar shi ke sa a gane ta. Maganin ba wuya in an gane da wuri. In ba a yi magani ba tana iya kai wa ga zuciya, kuma wajen mutum 1 cikin 10 na mutuwa. Duk mai taɓa ɓera, ko na ado ne, in zazzaɓi ya kama shi ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi.

Ina kwance matata ce ke shiga ɗakin ta ba su abinci da ruwa, da takunkumi da safar hannu, don ba ta iya barin rai ya mutu da ƙishirwa. A lokacin tana da ƙaramin ciki, ni ban ma sani ba tukuna. Da likitar ta ji, ranta ya ɓaci, ta ce mai ciki ba ta da abin yi kusa da ɓeraye, akwai ƙwayar cutar da suke ɗauka mai illa ga ɗan tayi, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a nisanta su da ɓeraye da macizai gaba ɗaya. Da dare, bayan masu dubiya sun watse, matata ta jawo kujera ta ce, "Baban yara, ba don macijin kake shiga ɗakin nan ba. Wurin ƙanenka kake zuwa. Ni ban hana ka ba, amma mu da muke da rai ina za ka kai mu?" Ban ba ta amsa ba. Na juya fuskata bango, ita kuma ba ta ƙara ba.

Da na samu sauƙi na zauna na karanta abin da ya faru da wasu. A farkon 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi sawun wata ƙwayar cuta mai suna Seoul, wadda ta ɓulla a jikin masu kiwon ɓera a gida a jihar Wiskonsin, aka bi ta har wuraren kiwo a Ilinoi, mutum 17 suka kamu a ƙasar. Ita ma ba ta nuna alama a jikin ɓera, ta ƙurar busasshen fitsari da kashi take shiga mutum, tana kuma iya taɓa ƙoda. Shi ya sa ba a share ɗakin ɓera a bushe, sai an yayyafa ruwan magani. Daskararren ma ba a sake jiki da shi ba: a 2014 mutum 41 a jihohi 21 na Amurka sun kamu da salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, ta hanyar daskararrun ɓerayen ciyar da macizai, don sanyi ba ya kashe ta. Ba a narkar da su a kicin, ba a haɗa su firiza ɗaya da abincin mutane.

Rufe ɗakin ya ɗauki lokaci, don ba a tsayar da haihuwa rana ɗaya. Na fitar da mazan daga wurin matan, na jira masu ciki suka haihu suka yaye, na rene su suka kai girma, na yi ranar kisa mafi tsawo da na taɓa yi, na cika firizar marigayi. Iyayen nan biyu na farko na bar su. Ba a ajiye ɓera shi kaɗai, dabbar zaman tare ce, sai suka tsufa a akwati ɗaya suna barci a kan juna. Ɓera ba ya cika wuce shekara 2 zuwa 3. Ɗaya ta yi ƙari a nono, abin da ya zama ruwan dare ga matansu, da ya hana ta tafiya na kai ta wurin likitan ya sa ta barcin da ba tashi. Ɗayar ba ta daɗe ba ta bi ta. Su biyun ban ba maciji ba.

Saura macen mesa, wadda dominta aka yi duk wannan. Ta koma yaji, kamar yadda na zata. Wannan karon sikeli na saya. Duk bayan 'yan makonni in auna ta in rubuta, in nauyin bai faɗi sosai ba in bar ta. In zan miƙa sai dare ya yi, in kashe fitila, in ɗumama kan ɓeran fiye da jikinsa da na'urar busar da gashi, in goga shi a tsohuwar shimfiɗar ɓeraye ya ɗauki wari, in ɗan motsa shi a bakin maɓoyarta. In ta ƙi in zubar, ba a mayar da narkakke firiza. Wata rana na bar shi a bakin maɓoyar na tafi, da safe babu shi, ga ƙullutu a tsakiyar jikinta. Tun daga nan take karɓa, in ta ga dama. Mai taurin kai ce har gobe.

Ba na cewa kiwon ɓera don maciji laifi ne. Maciji ba ya cin ganye, duk wanda ya ajiye shi ya yarda wani rai zai mutu dominsa, ko a ɗakinsa ko a ɗakin wani. Mai macizai da yawa, da ɗaki nesa da inda iyali ke kwana, da iska mai ratsawa, da zuciyar yin ranar kisa yadda ya kamata, kiwon zai iya yi masa, har ya fi sanin abin da dabbobinsa ke ci. Mai ɗaya ko biyu kuwa, abinci da shimfiɗa da magani da lokacin da zai zuba sun fi abin da yake gudu, kuma macijin da ya saya don sha'awa zai koma abin da ya fi ƙarancin gani a gidan.

Macizan suna nan, a ɗaki mai kwaɗo, makullin a wurina. Irinsu kan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane, a 2020 ma an ba da labarin wata a gidan namun daji na Sent Luwis a Amurka da ta sa ƙwai 7 tana da shekara 62. Don haka na yi magana da dattijon nan da ɗansa, mun rubuta, in wani abu ya same ni su za su zo su ɗauka, kada nauyin ya faɗa kan matata. Mahaifiyarmu har yau ba ta san suna raye ba, ko kuma ta sani ta yi shiru. Yaron da aka haifa mana ya fara tafiya yana taɓa kowace ƙofa, matata ta ce da ya iya jawo kujera ya kai ga kwaɗon za mu sake zama a kan maganar, na ce na ji.

Kwanan baya wani saurayi ya same ni, an ce masa na taɓa kiwo, yana son in nuna masa yadda ake farawa. Na ce macizanka nawa? Ya ce ɗaya. Na haɗa shi da wani mai kiwo na ce ya je ya taya shi aiki ranar wankin akwatuna, ya kuma tsaya har ranar kisa, in ya dawo sai mu yi magana. Ya je ta wankin. Daga baya ya aiko mini da saƙo yana tambayar awa nawa daskararre ke yi kafin ya narke.